Zinariyar Gonar Tudu

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na bar gonata ta tudu babu shuka, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Har yau in baƙo ya tambayi hanyar fadama sai a ce masa, “Bi ta ramin Shef, ka yi dama.” Ni ne Shef ɗin. Ramin kuma ni na sa aka haƙa shi, da rana tsaka, da hankalina.

Bari in ɗauko daga farko, don ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare. Aikin da na yi har ƙarfina ya fara ja baya shi ne tsara layin manyan motoci masu ɗaukar siminti a Malbaza. Wanda ya riga zuwa shi ke riga shiga, ko motar wa ce. Direbobi sun zage ni da Hausa, sun zage ni da Zabarmanci, wasu har da Faransanci, ban taɓa barin wani ya tsallake layi ba. Can na samo sunan Shef, wato shugaba da Faransanci. Da na ajiye aiki na koma garinmu a ƙasar Dogarawa, sai na koma da halina. In na ga takalma a warwatse a ƙofar masallaci sai na jera su kafin in shiga. Samarin da ke barin gona su tafi arewa haƙar zinariya kuwa, ni ne mai yi musu faɗa, kuma a gaban mutane nake yi. Maganata guda ce kullum: duk wanda ya bar gero ya bi ƙyalli, hankalinsa bai cika ba. (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.)

Ina da ɗiya ta fari. Ba zan rubuta sunanta ba, waɗanda suka san al'adarmu sun san dalili. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi a idon jama'a. Wasu sun sassauta yanzu, ni ban sassauta ba, don abin da aka tsara an tsara shi. Tun da aka yaye ta yayata Hajo ta ɗauke ta ta riƙe. Saboda haka duk saƙon da zai fito daga gare ta zuwa gare ni ta bakin Hajo yake bi, nawa ma haka. Yarinyar ta yi karatu har jami'a a Yamai, karatun duwatsu, daga nan aka tura ta wata ƙasa ta ƙaro. (A lokacin na ce a raina, mutum ya bar Dogarawa inda dutse ke fasa masa yatsa kyauta, ya tafi ƙasar wasu koyon dutse. Ban faɗa a fili ba.)

Wata rana da rani Hajo ta shigo gidana ta ce, “Ɗiyarka ta ce a samo mata duwatsu daga gefen gonar tudu, farare-fararen nan masu laushi.”

Na yi aikin yadda ya kamata. Na tsinto na gabas, na tsinto na yamma, na naɗe kowanne daban, na ba wani mai tafiya Yamai, daga can aka san yadda aka kai mata. Na manta da zancen.

Ana gab da faɗuwar damina, hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, sai ga Hajo da tsaraba. Nata sabulu da turare. Nawa wani ɗan akwatin roba ne mai haske, ana ganin cikinsa. A ciki akwai ɗan ƙarfe mai faɗin kai kamar maɓallin riga, a kansa an manna ɓarɓashin dutse da bai fi ƙwayar wake ba. Na kai shi bakin ƙofa inda rana take. Dutsen yana ƙyalli, ja-ja, rawaya-rawaya, irin launin ɗan kunnen amare.

“Ta ce wanga dutsenka ne,” in ji Hajo. “Sun sa shi cikin wata na'ura mai ganin abin da ke cikin dutse. Ta gama aiki da shi, ka aje. Ta ce kar a taɓa shi da hannu.”

“Shi ke nan abin da ta ce?”

“Akwai saura, mai tsawo, rabi da Faransanci. Ni ban riƙe ba. Ka kira ta mana, ga waya.”

“Ni in kira ta?”

“To zauna,” in ji Hajo, ta ɗauki sabulunta ta fita.

Na zauna kuwa. Na ajiye akwatin a gabana na bi abin daki-daki, yadda na saba. Na farko, dutsen da na aika fari ne mai toka-toka. Na biyu, an sa shi cikin na'ura mai ganin ciki. Na uku, ya dawo da launin zinariya, ke nan na'urar ta fito da abin da ke ɓoye a cikinsa. Na huɗu, an ce kar a taɓa da hannu, kuma ba a faɗin haka a kan abin banza. Na biyar, yarinya mai kunya ba za ta aiko wa mahaifinta a fili cewa ya yi arziki ba, sai dai ta yi masa ishara. Na sake bin layin daga ƙasa zuwa sama, ban ga inda ya karkace ba. Har na ji daɗin kaina.

Matsalar ita ce ban san yadda ake haƙar zinariya ba. Wanda ya sani a garinmu shi ne Illo, wani magidanci da ya yi shekaru a ramukan arewa ya dawo da tari da agogon hannu. Shi na fi yi wa faɗa a cikin kowa. Na aika ya zo, na shigar da shi zaure, na tura ƙofa.

“Shef, in faɗan ne, na tuba tun bara,” in ji shi.

Na buɗe hannuna na nuna masa akwatin. Ya daɗe yana kallo. Ya ce launin dai nata ne, amma a arewa bai taɓa ganin ta lulluɓe dutse haka sumul ba, bari ya ɗan kankara da farce. Ya miƙo hannu zai buɗe, na buge hannun.

“An ce kar a taɓa.”

“Wa ya ce?”

“Masu ilimin abin.”

Ya sosa ƙeya ya ce shi dai aikinsa haƙa, in na ce a haƙa sai a haƙa. Na sa ya yi alkawari ba zai gaya wa kowa ba. Ya yi. (Daga baya na ji cewa matarsa kaɗai ya gaya wa, ita ma ƙanwarta kaɗai.)

Ruwan shuka ya sauka a makon, ruwa mai kyau wanda ya jiƙa ƙasa har ƙasa. Gari ya fita gaba ɗaya, maza na sara, mata da yara na zuba iri suna rufewa da ƙafa. Gonar tudu ita ce babbar gonata, ita ke cika mini rumbu. Na tsaya a bakinta da irin gero a cikin ƙwarya, na yi tunani: in na shuka yau, gobe masu haƙa su tattake, na yi aiki biyu. A fara haƙa, in an ga inda zinariyar ta bi, sai a shuka sauran. Komai da layinsa. Na mayar da irin gida.

Mai ɗakina ta dube ni ta dubi ƙwaryar ta ce, “Malam, me za mu ci baɗi?” Na ce mata ta bar wannan a hannuna. Tuwon ranar da gudaji ya zo.

Illo ya kawo abokinsa suka fara. Ni ina tsaye a bakin ramin ina tsara ƙasar da suke fitarwa: ja a nan, fara a can, duwatsu a jere bisa girmansu. Duk dutsen da ya fito sai in wanke shi in ɗaga shi a rana. Fari fat. Na ce ai dama sai an sa a na'ura take bayyana. Illo ya leƙo daga rami ya ce, “Shef, in sai da na'ura, mu mi muke nema da ido?” Na ce ya ci gaba da aikinsa.

Geron mutane ya tsiro, ya yi ganye, aka fara noman farko. Gonata tana nan ja wur, sai rami a gefe da tulin ƙasa a jere. Na ce wa masu tambaya rijiya nake haƙawa. Taubashina Na-Allah, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda gonarsa ke iyaka da tawa kuma bakinsa bai taɓa hutawa a kaina ba, ya tsaya da hauyarsa a kafaɗa ya ce, “Rijiya bisa tudu, Shef? Ruwan sama za ka tara ko na ƙasa za ka kira da usur, ya hawo bisa layi?” Na yi kamar ban ji ba. Kwana kaɗan bayan haka na iske shi ma ya fara ɗan rami a gefensa, dab da iyakata.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Wasu ƴan'uwa biyu da gonarsu ke bayan tawa suka kusa sarar juna a kan wata tsohuwar iyaka da ba wanda ya taɓa damuwa da ita. Baƙi suka fara zuwa a kan babura daga wajen Tsarnawa suna tambayar gonar Shef. Mai gari ya aiko mini cewa ranar Juma'a bayan la'asar in zo ƙofarsa da dutsen, a yi maganar a gaban kowa tun kafin jandarma su ji su zo su yi ta da kansu.

Ranar Alhamis yarinyar ta iso hutu, ta sauka wajen Hajo. Da safiyar Juma'a ta zo gaishe ni, ta durƙusa daga nesa, na amsa ina kallon bango kamar yadda aka saba. Ta ɗan jima a durƙushe kamar mai son ƙarin magana, na ce ta gaida mutanen gidan. Ba a daɗe ba sai ga Hajo da sauri, mayafi a hannu.

“Ɗiyarka ta ce don Allah tana son magana da kai kafin taron nan.”

“Bayan taro.”

“Ta ce kafin.”

“Yaya, taro aka fara kira. Ita ta zo daga baya. Bayan taro.”

Hajo ta dube ni irin kallon da take mini tun ina yaro in na sa riga a bai-bai, ta juya.

Na sa babbar rigata ta Salla. Ƙofar mai gari ta cika, dattawa a kan tabarmi, samari a tsaye a baya, mata daga gefen katanga. Aka ba ni magana. Na miƙe na ɗaga akwatin, aka yi ta miƙa wuya. Na ce Allah ya yi wa garinmu baiwa, amma baiwa in babu tsari fitina ce. Na fara jero yadda za a yi: masu gonakin tudu su fara, sannan sauran ƴan gari, baƙi a ƙarshe, kuma ba mai tsallake wani. Ina kan bayanin inda baburan baƙi za su riƙa tsayawa ke nan, sai muryar Hajo ta fito daga wajen mata.

“Ranka ya daɗe, wadda ta aiko da dutsen tana nan. A tambaye ta mana.”

Mai gari ya ce gaskiya ne, a kira ta. Ta fito ta durƙusa a gefen tabarma da ƴar kwamfutarta, ta fuskanci mai gari, ta ba ni gefe. Na lura ta ƙi ɗaga kai. (Na ɗauka nauyin albishir ne.)

Ta fara daga nesa, kuma yanzu na gane tana neman hanyar da za ta kewaye ni ne ba ta samu ba. Ta ce na'urar ba irin ta asibiti ba ce da ake duba jinin zazzaɓi da haske. Wannan da wani siririn zaren lantarki take shafa fuskar abu, ta fito da hotonsa ya yi girma har ƙwayar rairayi ta koma kamar tsauni. Kuma in aka nuna mata wuri guda, wanda bai kai kan gashi ba, sai ta faɗi abin da aka yi wurin da shi. Ta juyo da kwamfutar. Muka ga wani abu kamar duwatsu da koguna, cike da ƙananan ƙwanso masu ramuka a jere, kyawawa kamar an saƙa. Ta ce gidajen wasu ƙananan halittun ruwa ne, don a zamanin da can wurin nan teku ne.

“Teku?” in ji wani dattijo. “Nan? Mu da rijiyarmu ke ƙafewa tun kafin bazara?”

Aka yi dariya, ni ma na murmusa. Mai gari ya ce, “Madalla, ɗiyata. To zinariyar fa, wajen ina ta fi yawa?”

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, “Ranka ya daɗe, zinariyar ni na sa.”

Dattawan da ke kan tabarmi duk suka juyo suka dube ni.

Ta ce dutse ba ya barin lantarki ya wuce ta jikinsa, sai ya taru a kansa hoton ya ɓaci. Don haka kafin a sa shi a na'ura sai a fesa masa zinariya, siririya ƙwarai, kamar hucin baki a kan madubi. Ta ce kowane abu haka ake yi masa, har ta nuna mana kan tururuwa da wani abokin karatunta ya duba, shi ma sai da aka fesa masa. Cewa da ta yi kar a taɓa, don kar fentin ya goge ne, tsarabar ta rasa kyanta.

“To dutsen kansa, mi ne ne?” in ji mai gari.

“Dutsen siminti ne, ranka ya daɗe. Irin wanda ake niƙawa a Malbaza.”

Wato abin da na yi shekaru ina shaƙar ƙurarsa ina jera motocin da ke ɗaukarsa.

Na-Allah ne ya fara. Ya ce, “Ashe mu yi hankali da tururuwar garin nan, kar mu riƙa taka dukiya. Shef, su wane layi za su bi, na ƴan gari ko na baƙi?” Samari suka fashe. Illo ya matso a hankali, ya durƙusa a gabana da ladabi, ya ce, “Shef, yanzu a taɓa?” Ya karɓi akwatin ya buɗe, ya goga babban yatsansa sau ɗaya. Ya ɗaga. Dutsen ya koma fari mai toka-toka, yadda na tsince shi. Ya duba yatsansa ya ce, “Duk wanda ya bar gero…” Bai ƙarasa ba. Samarin baya suka ƙarasa masa, baki ɗaya, kamar ƴan lakwal suna bitar karatu.

Ina tsaye cikin babbar riga, ban san inda zan sa hannuwana ba. Na so in zauna, na ga zama ma wani abin kallo ne. Mai gari, Allah ya saka masa, ya so ya kawar da zancen, ya tambaye ta ko dole ne sai an ɓata zinariya a kan kowane dutse. Ta ce a'a, an samu ci gaba, akwai sabuwar na'ura a wurinsu da ke duba dutse haka nan ba tare da an fesa masa komai ba.

“To don mi ba ki sa na babanki a cikinta ba?”

Ta ce, a hankali, har yanzu tana kallon tabarma, “Masu jiranta sun yi yawa, ranka ya daɗe. An ce in ina so a shigar da ni gaba. Ni kuma a gidanmu ba a tsallake layi.”

Wannan karon har mai gari sai da ya rufe baki da hannun riga. Ni kuma, a tsakiyar wannan kunyar, na ji wani daɗi ya kama ni, na rasa yadda zan yi da shi, sai na yi tari.

Lokacin gero ya riga ya wuce. Na zuba wake a gonar tudu don kar a ce ban yi komai ba, harawa ta fi ƙwaya yawa. Shekarar daga rumbun Hajo muka ci, kuma duk ranar da na aika a auno sai ta ce a gaida mai zinariya. Ramin ban cike shi ba, ruwa yana taruwa a ciki da damina, awakin Na-Allah suna sha, shi kuma yana gaya wa mutane ai tun farko na ce rijiya ce.

Kafin yarinyar ta koma na sa Hajo ta rubuta mini lambar ɗiyar tawa a waya. Har yanzu ba na kiran sunanta, wannan yana nan. Amma ina kiran wayar. Na gane layin da na jera ranar nan, na farko har na biyar, babu wanda ya karkace a cikinsu. Motar da ya kamata ta tsaya a gaba ce ban bari ta shigo ba, wato tambaya.

Bara ta aiko mini da agogon hannu mai ruwan zinariya. Kafin in ɗaura sai da na kira ta na ce, “Ke, wannan a taɓa shi ko kar a taɓa?”